Wa Ya Fi Wa, A Me, Kuma Da Nawa?

Sharhinmu na yau a kan Turancin takarda ne, irin wanda ake sa wa hannu a buga masa hatimi: takardar neman aiki, takardar koke zuwa ga shugaban ma'aikata, rahoton kwamiti, kundin digiri. A cikinsa ma lungu ɗaya zan tsaya, wato wurin da marubuci yake son ya ce wannan ya fi wancan, ko wannan bai kai wancan ba. Za ku ji ina karanta jimlolin Turanci nan da can, sai a yi haƙuri da ni, abin ne ba ya gyaruwa sai an ɗora shi a faifai.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan lungu shi ne, duk takardar da za ta sa a yanke hukunci, a ƙarshe kwatance take yi. Kwamitin ba da kwangila zai ce farashin wannan kamfani ya fi na wancan sauƙi. Ɗalibar da ta yi bincike za ta ce sabon iri ya fi na gargajiya yabanya. Ma'aikacin da aka tsallake wajen ƙarin girma zai ce ya riga wane shiga aiki. Wannan jimla guda ita mai sa hannu yake lalube, sauran shafukan duk share fage ne. In ta karkace, hukuncin ma sai ya karkace.

Bari mu fara sallamar kuskuren da kowa ya sani, wanda ake yi wa dariya a aji. Yaro ya miƙe ya ce "more better", sai a fashe da shewa. Ƙa'idar ba ta da wuya. Turanci yana da hanya biyu ta nuna fifiko: gajeriyar kalma a ɗafa mata "er" a ƙeya, "tall" ta koma "taller", doguwa kuma a sa mata "more" a gaba, a ce "more expensive". Ɗaya ake ɗauka, ba a haɗa su. "Better" kuwa da fifikonta a cikinta ta zo, ba ta neman ƙari. Masu gaɓa biyu su ne ba su da tsayayyen hali, ana cewa "happier" amma ana cewa "more careful", kuma a nan ƙamus ne abokin shawara. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun san irin wannan, don su ma malami ba ya barin "plus meilleur" ta wuce.

Abin da ba a cika faɗa wa yara ba shi ne, wannan doka ba da ita aka haifi Turanci ba. Shakespeare da kansa ya riƙa ninka fifiko haka a wasanninsa, har da Julius Caesar da ya rubuta wajen 1599, kuma a zamaninsa ba wanda ya ɗaga masa gira. Sai daga baya masu rubuta nahawu suka ce a daina, cikinsu har da Robert Lowth, wanda littafinsa na nahawun Turanci ya fito a 1762, mutumin da ya zama bishop na Landan daga bisani. Aka kuwa daina. Don haka ɗalibi, kai ma daina, musamman da yake a jarrabawar WAEC maki 10 cikin 50 na insha'i an ware su ne don tsabtar nahawu da rubutu, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Amma a ganina wannan shi ne mafi sauƙin laifi a duk babin. Wanda ya ce "more better" ya ji kunya, sai dai ba wanda ya kasa gane abin da yake nufi. Masu ɓarna su ne jimlolin da suke da santsi a kunne, ba mai dariya in an karanta su, alhali abin da suka faɗa daban da abin da marubucin yake nufi.

Kafin mu je gare su, mu duba inda Bahaushe yake tuntuɓe da farko. Mu a Hausa, aikatau ne yake ɗauke da kwatance. Audu ya fi Bala tsawo. "Fi" ita ce mai aikin, "tsawo" kuma suna ne, yana nan yadda yake ba ya canza kama. Masana harsuna sun daɗe da lura da wannan tsari. Wani masani ɗan ƙasar Holand, Leon Stassen, ya rarraba harsunan duniya bisa yadda suke kwatance a littafinsa na 1985, kuma irin namu rukuni ne guda mai yawa a Afirka. Bayarabe yana da "ju", mai Turancin buroka yana da "pass". To yaron da ya tashi da "fi" a bakinsa, in ya ga "than" sai ya ɗauka ya sami madadinta, ya rubuta "Audu is tall than Bala", ya bar "tall" ba ƙari, kamar yadda ya saba barin "tsawo". Ba daƙiƙanci ba ne, lissafi ya yi, lissafin ne bai dace da harshen ba. A Turanci kayan a raba suke, rabi a kan sifa, rabi a kan "than".

Daga nan ne kuma "ya girme ni" take komawa "he seniors me", wadda za ka ji a kowace sakatariya, ko kuma "he is senior than me", wadda ake ganin ita ce ta masu ilimi. Duka biyun ba sa shiga takarda. "Senior" da "junior" da "superior" da "inferior" da "prior" daga Latin Turanci ya aro su, can ma kalmomin fifiko ne, kuma "to" suke ɗauka. "I am senior to him." Haka "prefer", ita ma "to" take ɗauka, ba "than" ba. Sai "bai kai ba", da muke mayarwa "not up to": "Zaria is not up to Kano". A hira ba laifi, kowa ya gane. A rahoto sai mai karatu ya ce bai kai ba a me? Girman ƙasa, ko yawan jama'a, ko tsadar haya? Rubuta "not as large as", ko "not as expensive as", ka fito da abin da kake aunawa. David Jowitt, Baturen da ya koyar a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, ya yi littafi guda a 1991 a kan yadda 'yan Najeriya suke sarrafa Turanci, kuma mai son ya ga irin waɗannan salo an bi su da natsuwa ba tare da izgili ba, ya neme shi.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe. Saurari wannan jimla: "The population of Kano State is larger than Kaduna State." Ba "more better" a ciki, ba abin da ya soki kunne. Kuma marubucin gaskiya yake son faɗa, don a ƙidayar 2006 jihar Kano tana da mutum sama da miliyan 9, Kaduna kuma sama da miliyan 6. Amma duba abin da ya ɗora a ma'auni. A hannu ɗaya yawan mutane, a ɗaya hannun jiha sukutum da ƙasarta da dazuzzukanta. Ya gwada mutane da ƙasa. Abin ban dariyar ma, in ƙasa ake magana, Kaduna ta ninka Kano faɗi. Gyaran kalma biyu ne: "larger than that of Kaduna State". In abubuwan da yawa ne sai a ce "those": "The roads in the new layout are wider than those in the old city." Wanda kuma yake ganin "that of" ta yi masa nauyi, ya sake gina jimlar daga tushe: "Kano State has more people than Kaduna State." Ni wannan ta ƙarshen na fi so, ta fi gajarta, kuma ba inda za ta zame.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne, Bahaushe ba ya taɓa yin wannan kuskure da harshensa. Yawan mutanen Kano ya fi na Kaduna. Wannan 'yar "na" ɗin, ita ce "that of". Ko yaron da bai shiga makaranta ba, ba zai ce wa abokinsa "kekena ya fi ka tsada" ba, sai in tsokana yake nema. "Ya fi naka" zai ce. Ilimin yana nan a kansa tun yana ƙarami, sai ya zo Turanci ya ajiye shi a bakin ƙofa.

Na ga yadda wani malamin jami'a yake amfani da wannan, lokacin da ɗalibai suke kawo kundinsu a duba. Teburinsa cike da takardu an ɗaure da roba, jan biro a hannu. Wata ɗaliba tana tsaye, ya zagaye mata jimla ɗaya a babi na huɗu: "The income of irrigation farmers is higher than rain-fed farmers." Ta leƙa, ta sake leƙawa, ta ce, "Malam, ai ban ga kuskure ba, kwamfuta ma ba ta ja mata layi ba." Bai yi mata bayanin nahawu ba. Ya ce, "'Yata, faɗa min da Hausa, kamar kina gaya wa kakarki." Ta ce, "Kuɗin da manoman rani suke samu ya fi na manoman damina." Ya ce, "Maimaita, a hankali." Ta fara, da ta zo kan "na" sai ta tsaya, ta ce, "Au." Ta karɓi biron da kanta ta rubuta "that of" a saman layin. Ya ce mata ta je ta bi babin gaba ɗaya, duk inda ta ga "than" ta yi masa wannan tambayar.

Tambayar kuwa jimlar Hausa ce ta ba mu ita kyauta. Audu ya fi Bala tsawo: ga wanda ya fi, ga wanda aka fi, ga abin da aka fi shi. In ka ƙara "da taƙi ɗaya" ka kawo na huɗu, wato tazarar. Wa ya fi wa, a me, kuma da nawa. Jimlar Turancin da ta kasa amsa waɗannan, ko ta amsa ta hanya biyu, tana da gyara komai kyanta.

Ga mai amsawa ta hanya biyu, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. A ce kwamiti ne yake binciken kuɗin da suka yi ɓatan dabo a wata ma'aikata, sai ya rubuta: "The director trusted the accountant more than the secretary." Me aka ce? Mai karatu na farko zai fahimci cewa darakta ya fi yarda da akanta a kan yadda ya yarda da sakatare. Na biyu zai fahimci cewa darakta ya fi sakatare yarda da akanta, wato sakatare ya daɗe yana zargin akantan, darakta ne ya toshe kunne. A fahimta ta farko sakatare abin zargi ne, a ta biyu shi ne mai gaskiyar da aka ƙi saurara. Mutum ɗaya, jimla ɗaya, kuma takardar tana iya zama a fayil ɗinsa har ya yi ritaya. Ku lura da yadda na faɗe su da Hausa yanzu: dole ta sa na zaɓi ɗaya, don wurin da na ajiye "sakatare" a jimlar shi ya raba gardama. Turanci yana barin ka tsaya a tsakiya ba ka sani ba. Maganin shi ne ka ƙarasa abin da ka gutsure. In ma'ana ta farko kake nufi, "more than he trusted the secretary". In ta biyu ce, "more than the secretary did". Kalma ɗaya ko biyu ce, kada a yi rowarta.

Wannan ƙarasawar ita ce kuma take kashe tsohuwar gardamar nan ta "than me" da "than I", wadda malamai suka sha ɓata rabin darasi a kanta. Rubuta "than I am", ka wuce abinka.

Kada dai in yi wa Hausa kirarin da ya wuce ƙima, akwai inda take kai mutum ta baro. Muna cewa jihar Neja ta fi kowace jiha a Najeriya faɗin ƙasa, kuma haka ne, tana da murabba'in kilomita kusan 76,000. Ba Bahaushen da zai ce ai ita ma jiha ce, ta fi kanta ke nan? Mun san abin da ake nufi. Turancin takarda ba ya yin wannan afuwar. "Larger than any state in Nigeria" ta sa Neja cikin waɗanda ta fi. Sai an ce "any other state". Amma in da jihohin kudu maso gabas kake gwada ta, tunda ba ta cikinsu, "other" ba ta da wurin zama: "larger than any state in the South-East". Akwai kuma "as good or better than", wadda masu rubuta takardar shaida ga tsofaffin ɗalibansu suke so. Ta ci bashin "as" guda, don cikakkiyarta "as good as or better than" ce, ita kuma ta cika baki. "At least as good as" ta biya bukata.

Sai batun "da nawa", inda kuskuren yake komawa kuɗi. A 2019 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya zama naira 30,000, a 2024 aka mai da shi 70,000. Yaya za ka rubuta wannan? Wani zai ce "increased by 70,000", alhali "to" yake nufi; "by" tana nuna abin da aka ƙara ne, wato 40,000, "to" kuma inda aka tsaya. Wani zai raba 70 da 30 ya ce an yi ƙarin kashi 233 cikin ɗari. A'a. Sabon albashin kashi 233 ne na tsohon, amma ƙarin kashi 133 ne, don 40,000 aka ɗora a kan 30,000. Wani kuma zai ce "two times more than", mai karatu ya rasa ko 60,000 ake nufi ko 90,000, tunda "more" tana iya nufin ƙari a kan na farko. Wadda ba ta da ƙura ita ce "more than twice as much as". A nan ma Hausa ba ta tsira ba, don in ka ce abu ya ninka sau biyu a majalisa, sai ka ga an rabu, wasu na cewa biyu ya zama huɗu, wasu na cewa ya zama takwas. Shi ya sa shawarata ga duk mai rubuta rahoto ita ce ya kawo lambobin biyu ƙuru-ƙuru, daga 30,000 zuwa 70,000, sannan in yana so ya yi musu ado.

Wadda ta fi wannan muni ita ce "three times less" da ƙanwarta "three times shorter". Kogin Kwara yana da tsawon kilomita kusan 4,200, Binuwai kuma kusan 1,400. Kwara "is about three times as long as" Binuwai, wannan daidai. Amma in ka juya ka ce Binuwai "is three times shorter", me ka ninka sau uku? Gajarta ba ta da ma'auni. In ka cire tsawon abu sau ɗaya ya ƙare, balle sau uku. Turawa da kansu suna faɗin haka a jaridunsu, na sani, kuma ana gane su. Duk da haka a takardar da za a yi lissafi da ita, "about one third as long" za ka rubuta, sulusi ke nan.

Ga kuma wanda ya shafi aljihun kowa. A watan Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 7.5. Mutane da yawa, har da masu rubutu, sun ce harajin ya ƙaru da "2.5 per cent". Mu gwada da kayan naira 10,000. Da harajinsu 500 ne, yanzu 750. An ƙara 250, kuma 250 rabin 500 ce. Ashe abin da kake biya na haraji ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari. Wancan 2.5 ɗin tazara ce tsakanin lambobin biyu, kuma Turanci yana da sunanta daban, "percentage points". Wanda yake son ƙarin ya yi ƙanƙanta a ido zai ce "2.5 per cent" ya yi shiru, wanda yake son ya tayar da hankali zai ce "50 per cent" ya yi shiru. Marubucin kirki zai ce harajin "rose by 2.5 percentage points, from 5 to 7.5 per cent", ya bar mai karatu ya yi hukunci. Haka abin yake ga kuɗin ruwa na banki, da hauhawar farashi, da adadin waɗanda suka ci jarrabawa.

Akwai wata dabara da ta yaɗu a kundin ɗalibai, wadda gudun gara ce aka faɗa gidan zago. Ɗalibi ya sha jan biro a kan "than", sai ya yi fushi da ita gaba ɗaya ya koma "compared to". Kowane shafi: "higher compared to", "cheaper when compared with", "relatively better as compared to". Yana ganin ta fi kama da Turancin manya. Alhali "higher" ta riga ta yi kwatancen, "compared to" maimaici ce, 'yar'uwar "more better" ce da ta sa babbar riga. Ko ka ce "prices are higher in Kano than in Zaria", ko ka ce "prices in Kano are high compared with those in Zaria". Kuma ku lura, ko a ta biyun "those" ba ta bar mu ba. Sauya "than" ba ya ɗauke maka nauyin gwada abu da irinsa.

"Less" da "fewer" ba zan daɗe a kansu ba. Abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya "fewer", abin da ake aunawa "less": "fewer pupils", "less water". Kuɗi da lokaci da nisa ana ɗaukar su dunƙule, shi ya sa ake cewa "less than 50 kilometres". Ita ma wannan doka ra'ayin wani marubuci ce, Robert Baker, a 1770, ta zo ta zama ƙa'ida, kuma Turawan Ingila har gobe suna karya ta. A 2008 kantin Tesco sai da ya sauya allunan wajen biyan kuɗi saboda ƙorafin masu kishin nahawu a kan wannan doka. Ka kiyaye ta a takarda, kada ka yi faɗa da kowa a kanta.

Wanda ya cancanci faɗa shi ne kwatancen da ba shi da ƙafa ta biyu. "Our hospitals are now better equipped." "The new method is more effective." "Candidates performed better." Sun fi wa? Sun fi bara, ko sun fi shekara goma da suka wuce, ko sun fi na jihar maƙwabta? A wajen ɗalibi wannan mantuwa ce, a nuna masa ya cike. A wajen mai magana da yawun hukuma ko mai talla kuwa, sau da yawa ba mantuwa ba ce. An bar gurbin ne da gangan, don in ba a faɗi wanda aka fi ba, ba mai iya ƙaryatawa. Nahawu ba zai kama wannan jimla ba, ba ta karya dokar kowa ba. Ɗan jaridar da aka miƙa wa irin wannan sanarwa, kafin ya fassara mana ita ya karanta a labaran ƙarfe bakwai, hakkinmu ne a kansa ya ɗaga waya ya tambaya: ranka ya daɗe, sun fi na yaushe, kuma da nawa?

Masu buga takardu a shagunan kwamfuta na bakin sakatariya da ƙofar jami'a, ku ma kuna da hannu a nan, don rabin takardun gari ta yatsunku suke bi. Ba na ce ku sauya wa mutum magana ba. Amma in kun ga "than" ta gwada albashi da mutum, ko "by" ta zauna a wurin "to", ku juyo da allon ku nuna wa mai takardar, ku tambaye shi abin da yake nufi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ku kuma malaman Turanci na firamare da sakandare, musamman inda har yanzu ake cin tarar yaro ko a rubuta sunansa don ya yi Hausa a aji, ina roƙon ku sassauta a wannan darasin ko da shi kaɗai ne. Ku nuna masa inda "fi" ta saɓa da "than", don kada ya sake rubuta "tall than". Sannan in ya kawo jimlar da ta gwada mutane da ƙasa, ko wadda ta bar sakatare a tsakiya, kafin ku ja jan biro ku ce ya faɗe ta da Hausa, da ƙarfi, aji yana ji. Ku gwada a darasinku na wannan makon.